Ina Ka Kai Albashin, Maigida?

Akwai wani ciwo da ya kama magidanta da yawa a ƙasar nan, kuma ba kowa ke son a ambace shi a gabansa ba. Mutum yana da aiki, ko yana da shago a kasuwa, kuɗi suna shigo masa, amma ka tare shi ka ce ya faɗa maka nawa gidansa ke ci daga ɗaya ga wata zuwa talatin, sai ya hau kame-kame. Ya san farashin sabuwar wayar da ta sauka a kasuwar Farm Centre ta Kano. Ya san nawa ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya ta sayi ɗan wasa a Ingila. Mudu nawa na shinkafa ake dafawa a gidansa a mako, wannan bai sani ba, kuma bai ga abin kunya a rashin sanin ba. Da shi nake yau, kuma ba lallashi na zo yi ba.

Kafin a ce ban san halin da ake ciki ba, bari in faɗe shi da bakina. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta taɓa dubu ɗaya. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta zarce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ta kayan abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, kuɗin ba su isa sayen buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50 ba. Tun kafin wannan guguwa ma, a 2022, hukumar ta ƙidaya 'yan Nijeriya miliyan 133 da ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke.

Duk wannan gaskiya ne, kuma masu mulki suna da tambayoyin da za su amsa, a nan duniya da gobe ƙiyama. Ɗan dako da mai tura kurar ruwa da bazawarar da aka bar wa marayu biyar ba su cikin wannan magana. Wanda abin da ya samu da safe shi zai ci da dare ba shi da abin kasaftawa, yi masa faɗa a kan tanadi rashin imani ne. Da kai nake, ma'aikaci mai ɗaukar dubu ɗari da hamsin ko dubu ɗari uku, da kai ɗan kasuwa mai rumfa a kasuwar Kwari ko ta Sabon Gari, da kai mai Adaidaita biyu a titi. Kai da kuɗi ke ratsawa ta hannunka duk wata, amma sha biyar ga wata ba ta yi sai ka fara latsa lambobin abokai kana "don Allah ko da dubu biyar ce, zuwa ƙarshen wata".

Gwamnati ta cire tallafi, kai me ka cire? Farashin komai ya ninka, amma yadda kake kashe kuɗi yana nan yadda yake tun lita tana 185. Motar da ke shan mai kana nan kana yawo da ita zuwa majalisar da ƙafa za ta kai ka cikin minti goma. Janareta yana nan yana ruri har sha biyun dare saboda kallo. Ɗinkin da kake yi duk Juma'ar da ka ga sabuwar shadda bai ragu ba. Ka zauna a kan benci kana zagin Abuja, kuma ka yi daidai, amma Abuja ba ta shigo ɗakinka ta ce ka sayi waya ta uku ba.

Ba ma manyan abubuwa ke cinye albashinka ba. Zara ce ba ta barin dami. Ɗauki biro mu yi lissafi tare, tun da kai ka ƙi yi. A ce kullum lemon kwalba da ruwan roba suna cin naira 700. Da dare ka tsaya wurin mai shayi, ko mai tsire, a ce 1,500, kai kaɗai, alhali an ajiye maka tuwo a gida. Kana cire kuɗi kaɗan-kaɗan a wurin mai POS, kowace fita yana yankar ladansa, a ce 200. Data kuwa, wadda tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara mata kashi 50 cikin ɗari, kana sayenta ta kwana ɗai-ɗai don kallon raye-rayen TikTok, a ce 600. Dubu uku ke nan a rana. A wata dubu casa'in. Ka ga kuɗin da ya fi mafi ƙarancin albashin ƙasar nan, wanda wani yake riƙe mata da 'ya'ya da shi, kai ka tauna shi a tsaye a bakin titi ba ka ma san ka ci ba. In aka tambaye ka sai ka ce albashin ne babu albarka. Albarka ba ta gudu ba, Malam, kai ne ba ka ƙirga.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kake yin fuskar mamaki a gaban abin da ka daɗe da sanin zuwansa. Kuɗin haya shekara-shekara ake biya, ranar da za su cika tana rubuce a takardar da ka sa wa hannu. In hayar naira 360,000 ce, dubu talatin ke nan a wata, ko yaron aji huɗu zai raba maka. Amma sai mai gida ya aiko da takardar tashi sannan ka fara zarya gidajen 'yan'uwa kana cewa wata matsala ce ta taso maka. Ba ta taso ba, wata goma sha biyu tana tafe tana sallama. Kuɗin makaranta sau uku ne a shekara, zango-zango, tun kana yaro haka yake. Azumi ba ya zuwa a ɓoye, tun Rajab ake shelarsa a masallatai. Sallah biyu ce, ba a taɓa yin shekarar da aka fasa ba. Matarka ta yi wata tara da ciki a gaban idonka, ranar haihuwa kuma sai a gan ka a ƙofar asibiti kana buga waya neman kuɗin allura da na ragon suna. Tun kakanni aka ce ba a fafe gora ranar tafiya, kai kuwa kullum sai an ɗaura kaya kake neman wuƙa.

Ragon layya ma abin magana ne. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu ke bi, sun bayyana cewa layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai hali, wanda kuɗin dabbar ba za su taɓa abin buƙatar iyalinsa ba. Ina ka samo cewa dole ka ci bashi da ruwa ka sayi rago mai ƙaho uku-uku? Ba don Allah ka yi ba, don kada maƙwabci ya rataye nasa a ƙofar gida kai ba ka rataye ba. In da gaske ibadar kake so, da ka sayi ɗan tunkiya tun watanni shida baya, a lokacin da kasuwa take kwance, yara su riƙa ba shi dusa da ƙaiƙayi.

Na san amsar da ke bakinka, don na sha jin ta. Za ka ce arziki na Allah ne, bakin da Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, yawan lissafi ƙarancin tawakkali ne. Ka ji tsoron Allah, kada ka jingina lalacinka da addini. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da adadinsa da wa'adinsa da shaidunsa. Kai kuwa ko jimillar abin da ake binka ba ka sani ba. Annabi Yusufu, wanda ba za ka kai shi dogaro ga Allah ba, shi ya tsara wa Masar tanadin hatsi na shekara bakwai saboda shekaru bakwai na fari da ke tafe. Suratul Isra'i ta yi kashedi mai zafi a kan almubazzaranci, kuma a cikinta aka hana ƙanƙame hannu aka hana sakinsa gaba ɗaya. Kakanka da ya fi ka yawan nafila rumbu gare shi a tsakar gida, kuma ya san dami nawa zai kai shi wata kaka. Ba ya buɗe rumbun sai da dalili, ba kuma kowa ke hawa ya ɗebo ba. Akwai irin shuka da ko yunwa ta yi yunwa ba a taɓa shi. Shi bai yi boko ba, bai san wani abu wai shi kasafin kuɗi ba, amma yana yi. Kai da digiri biyu ka kasa.

Sai kuma wannan muguwar ɗabi'a ta ɓoye wa matarka abin da kake samu. An gaya maka a majalisa cewa in mace ta san albashinka za ta raina ka, ko ta faɗaɗa buƙata. Ka ɗauka ka riƙe kamar karatu. To ga abin da ɓoyon ya haifar: ita tana zaton kana da shi kana hanawa, kai kana zaton tana ɓarna da gangan, ga gida ya zama filin zargi. Kana ajiye mata kuɗin cefane irin na shekara uku baya, ka dawo da dare kana tambayar ina nama. Yaushe rabonka da shiga kasuwar Yankaba ka ji yadda ake sayar da kwandon tumatir? Ka san kuɗin kwalbar manja yau? Ita ce ke ƙulla ɗari biyu da ɗari uku, ta sayar da ƙanƙara ko ɗanwake ta cike gibin da ka bari, wani lokaci ta ciyo bashin maggi da gishiri a maƙwabta don kada asirinka ya tonu. Wannan matar da ta iya fitar da tukunya uku daga abin da bai kai na biyu ba, ita ce ka ga ba ta cancanci ka zauna da ita ku yi lissafi ba. Alhali ta fi ka sanin inda kuɗin gidan ke zuba.

Kuma da zarar an biya wasu ariyas, ko an yi maka ƙarin girma, ko ciniki ya ɗan buɗe wata biyu a jere, tunanin farko da ke zuwa maka shi ne ƙarin aure. Ba na jayayya da halal. Amma sharaɗin ciyarwa da tufatarwa da matsuguni ba ni na sa shi ba. Mutumin da ake koro 'ya'yansa daga makaranta saboda kuɗin zango, ya je yana haɗa lefen amarya, wannan ba sunna yake rayawa ba, son zuciyarsa yake bi. Mun ga dattawan da suka karɓi giratuti bayan shekara talatin da biyar suna aiki, kuɗin da ya kamata su zama jari ko rufin asirin tsufa, suka ƙare a akwatuna da gyaran ɗakin amarya, kafin shekara ta zagayo sun koma layin jiran fansho suna rance.

Uwargida, kada ki yi murmushi, ke ma akwai naki. Ke ce mai adashi huɗu a lokaci ɗaya, na kullum da na mako da na wata da na 'yan ajinku na sakandare, kuma zubin duk daga kuɗin cefane yake fita. Adashi abu ne mai kyau, da shi iyayenmu mata suka sayi tumaki da filaye suka aurar da 'ya'ya. Amma ke in kin kwasa ina yake tafiya? Leshi da atamfa da mayafi da jaka mai kalar takalmi. Dillaliya ta shigo da kaya ta ce ki ɗauka ki biya a hankali, kin ɗauka ba ki tambayi nawa ta ɗora a kai ba. Kina buɗe WhatsApp kina ganin kayan kicin da turarukan wuta da 'yan kasuwar waya ke tallatawa, ranki yana tashi, kina jin ke kaɗai aka bari a baya. Kina auna shinkafa da ido, a dafa ta wuce ƙima, da safe a juye a bola ko a bar ta ta yi tsami, a garin da almajiri ke yawo da roba wayam. In mijinki ya ce babu, sai ki kawo masa misalin mijin ƙawarki. Ba ki san bashin da ke wuyan mijin ƙawar taki ba.

Amma duk waɗannan ƙananan ramuka ne in aka zo maganar biki. A nan ne hankalinmu gaba ɗaya yake barin jikinmu, maza da mata, masu ilimi da marasa shi.

Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne. Da waliyyi da shaidu da sadaki da siga, aure ya ɗauru. Mu kuma muka ce ba mu yarda ba. Sai an kai kuɗin na-gani-ina-so, an kai na gaisuwar iyaye, an kai kayan sa rana. Sai lefe, akwati shida, akwati goma sha biyu, har da ƙaramar jaka ta sarƙa da agogo, a baza a tsakar gida mata su zo su ƙirga turmi nawa ne, wace ce babbar atamfa wace ce ƙarama, a ɗauka a waya a watsa. Saurayin da albashinsa bai kai dubu ɗari ba ya shekara biyu yana tara kayan da amarya ba za ta gama ɗinka su ba kafin yayinsu ya wuce. A can gidan amarya kuma uba yana sayar da fili, ko gonar gado, don kayan ɗaki: gado da kujeru na yayi, labule, firij, injin wanki a unguwar da ake ganin wuta sau biyu a mako, da tarin kwanuka da kuloli da za su tsufa a cikin kwali. Bayan haka ga gara, buhunan shinkafa da fulawa da jarkokin mai da alkaki da dubulan, wai don kada dangin miji su goranta wa yarinya.

Sannan a shiga bukukuwan kansu. Da kamu ne da sa lalle da wuni da buɗar kai. Yanzu an ƙaro dina, an ƙaro ranar ƙauyawa, an ƙaro daren Larabawa, kowanne da zaurensa na haya, da mai kwalliyarsa, da mai hotonsa, da mai kiɗansa, da ankonsa. Anko! Wannan harajin da ba gwamnati ta sa ba amma ya fi na gwamnati tsanani. A fitar da atamfa ta kamu, leshi na dina, shadda ta ɗaurin aure, a aika wa mace a ce kuɗin kaza ne, kuma ta san in ba ta yi ba za a ce ba ta ƙaunar amarya. Matar da ke da biki uku a wata ɗaya, daga ina za ta fitar? Daga bakin 'ya'yanta. A wurin dina kuma a tashi liƙi, har da masu sayen sababbin takardun naira da tsada don su watsa a tattake, abin da sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya tanadar wa ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000. Wanda ya yi liƙin nan da daddare, wallahi wani da safe a ƙafa zai tafi aiki.

Kowa yana kuka da wannan, kowa yana yi. Uban amarya yana yi don tsoron bakin dangin ango, dangin ango suna yi don tsoron bakin dangin amarya, dukansu biyu bashi suke ci don su burge juna. A Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu ta hannun Hisbah, ta biya sadaki ta sayi gado da katifa. An yaba, kuma abin a yaba ne. Amma ya kamata mu ji kunya a ce mun tsawwala wa aure har sai hukuma ta sa hannu kafin 'ya'yan talakawa su shiga ɗaki. Kuma ku duba abin da ke biyo bayan bikin ƙarya: ango ya tare da amarya aljihu a bushe, masu bashi suna kira, watan farko gara ta rufa asiri, wata na uku a fara jin kansu. Wasu auren ba sa kai shekara, a zo da mota a kwashe kayan ɗakin nan da aka sayar da gona dominsu, rabi sun karye a hanya.

Manomi ma bai tsira ba. Da kaka, lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci araha, shi ne lokacin bukukuwa a karkara. Sai ya kwashe masara da gero ya kai kasuwa ya zubar don auren ɗa ko ƙarin mata, damina na tsakiya kuma ya dawo kasuwar nan yana awo da tiya a farashin da ya fi wanda ya sayar nesa ba kusa ba.

Ƙarshen wannan hanya duka bashi ne. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma an mayar da maganar lasisin ci ba tare da niyyar biya ba. Akwai na banki, wanda ake zare shi tun kafin alat ya iso wayarka, har ka ga ma'aikacin da rabin albashinsa kawai yake gani shekara da shekaru saboda motar da ta riga ta mutu. Akwai na manhajojin waya, masu ba ka dubu ashirin cikin minti biyar ba jingina, da ruwan da ya fi ƙarfin hankali da wa'adin mako ɗaya ko biyu. Ka danna ka yarda su shiga lambobin wayarka ba ka karanta ba. Ranar da ka makara sai surukinka da limaminku da shugabanka na ofis su samu saƙo cewa kai ɓarawo ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022. Mutuncin da ka ci bashin don ka kare, ga shi nan an watsa shi a wayar kowa. Ribar da ka san haramun ce kuma ka ci ka biya.

Daga nan sai neman hanyar fita ta dare ɗaya. Ƙungiyar zuba kuɗi ta MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, aka yi kuka aka yi rantsuwa an daina. A Afrilun 2025 wata irinta, CBEX, ta maimaita musu karatun. Wasu kuma suka koma cacar ƙwallo, magidanta da furfura a gemu suna cika takarda suna jiran dubu ɗaya ta zama miliyan, har Hisbah ta bi shagunan tana rufewa a Kano a 2024, cacar ta koma cikin waya. Mutumin da ya raina ajiye dubu biyar a wata, wai ba za ta yi masa komai ba, shi ne ke miƙa dubu hamsin ga wanda bai taɓa gani ba.

Akwai hujja ɗaya da nake saurara in an kawo ta, don tana da ƙamshin gaskiya. Mutum ya ce me zai sa ya ajiye naira alhali kullum darajarta zubewa take, dubu ɗarin da aka ajiye a 2022 ba ta sayen rabin abin da take saye a da. Haka ne. Amma wannan dalili ne na sauya irin ajiyar, ba na cinye ta a wurin mai balangu ba. Sayi hatsin gidanka da kaka, buhu biyu ko uku, ka sa magani ka adana. Ba ɓoye kaya nake nufi ba irin na manyan 'yan kasuwar da hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wa rumbuna a Dawanau a Fabrairun 2024, abincin bakin 'ya'yanka nake nufi. Haɗa kai da maƙwabta uku ku sayi buhun sukari ko katan na taliya a kasuwar Singa ku raba, maimakon ƙulli-ƙulli da ke ninka maka farashi. Biya kuɗin makaranta tun kuɗin suna hannu. Sa tunkiya a bayan gida. Matan da ke sayen ɗan kunnen gwal su ajiye ba wauta suke yi ba, sun fi ka fahimtar naira.

Abin da ake nema gare ka bai kai wahalar da kake zato ba, girman kai ne kawai ya hana ka. Littafi ɗaya irin na 'yan firamare. Ranar da kuɗi suka shigo, kafin ka fita majalisa, ka zauna da matarka, ko matanka, ka rubuta abin da ya shigo. Cire abinci tukuna. Cire kason haya da na makaranta na wannan watan ka kai su inda hannunka ba zai kai gare su da sauƙi ba. Ware na magani, don zazzaɓin cizon sauro ba ya tsallake damina. Ware na iyaye da zumunci, ka sa masa iyaka, domin taimakon ɗan'uwa wajibi ne amma ba da kuɗin hayarka ba. Abin da ya saura shi ne naka na shayi da data da ɗinki, in ya ƙare ranar ashirin ga wata to ya ƙare. Ɗan kasuwa kuma ya yanka wa kansa albashi, ya daina zura hannu a cikin uwar kuɗi duk lokacin da aka aiko daga gida. Shaguna nawa ne suka rufe, ba don rashin ciniki ba, sai don mai shagon ya cinye jarin yana zaton riba ce?

Za a ce ka zama marowaci. Za a faɗa, kada ka yi shakka. Ƙanwarka za ta yi fushi ranar da ka ce matarka anko ɗaya za ta yi ba uku ba. Abokan majalisa za su yi maka shaguɓe ranar da ka daina biyan kuɗin shayin kowa. Surukai za su yi gunaguni in ka ce 'yarka da gado da katifa da tukwane za ta tare, babu dina. Ka ce musu, "Ku yi haƙuri, bana ba ni da halinsa," ka tsaya a nan, ba sai ka ƙara da rantsuwa ko dogon bayani ba. Fushin ba ya wuce mako biyu, kuma cikin masu gunagunin akwai da yawa da ke jiran wani ya fara su bi bayansa.

Wannan watan in alat ya shigo, kafin ka taɓa ko sisi, ka fara da mai shagon unguwarku, wannan bawan Allah da yaranka ke zuwa wurinsa kullum da "in ji Baba a ba da, a rubuta". Ka daɗe kana sauya hanya don kada ku haɗu. Je ka same shi ka ce ya buɗe littafin ya faɗa maka jimilla, ka tsaya ka ji ta da kunnenka ko da za ta ba ka tsoro. Biya shi, in ba duka ba rabi, ku sa ranar cikon. Shi ma haya yake biya, shi ma akwai masu binsa a Singa.